A Ingila har ƙashin da ke riƙe haƙorin yaro sai an duba

'Yan uwa barkanmu da warhaka. Yarinyata mai shekara 4 ce dasashinta ya riƙa jini in ana goge mata baki, ga haƙori ɗaya na gaba ya fara girgiɗi. Da a gida ne wallahi kowa cewa zai yi famfara ce ta zo da wuri, a bar shi ai wani zai fito.

Samun likitan haƙori na NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta gwamnati a nan Ingila, kam sai haƙuri, ka buga waya nan a ce ba sa ɗaukar sababbi, ka buga can a ce shiga layi, ga ba ka da wani ɗan uwa da zai ce bari in yi wa wane magana, nan fa kewar gida ta kama ni. Amma yaro ƙasa da shekara 18 kyauta ake duba shi, wannan kam na yaba musu.

Da muka samu shiga, likitar ba ta raina abin ba ko kaɗan. Ta ƙirga haƙoran 20 cif, ta ɗau hoton eksire, ta nuna min ƙashin da ya kewaye saiwar. Ta ce famfara sai wajen shekara 6, turame ma suna kaiwa 11 ko 12, to in haƙori ya kama girgiɗi kafin shekara 5 ba tare da yaro ya bugu ba, dole a duba ko ƙashin ne ke zaizayewa. Ba kasafai ake samu ba, amma in an samu wani lokaci alamar wata cuta ce a jiki, kamar ƙarancin fararen ƙwayoyin jini ko ciwon ƙashi na gado, sai an haɗa da gwajin jini. Tamu dai alhamdulillahi ƙashi lafiya, bugewa ta yi wajen wasa, jinin kuma dauɗa ce ta taru a gindin haƙori ta kumbura dasashin.

Kuma wai jini ba dalilin daina gogewa ba ne, a ci gaba safe da dare da makilin mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, yarinyar ta tofar kar ta kuskure baki, babba ya tsaya a kanta har shekara 7.

Mu kuwa can gida sai yaro ya kwana yana kuka, kunci ya kumbura, sannan a nemi mai cirewa, dasashi kuma ba mai ɗaga leɓe ya leƙa. Haba jama'a!