Filtar CPL a tafiyar daji da fowil: inda take da rana, da inda gara a kwance ta

Duk mai ɗaukar hoton motocin fowil, wato masu ja da tayoyi huɗu, a daji ya san takaicin gilashin gaba. Mota ta taso kan tudu, direba na kokawa da sitiyari, ka danna, ka duba hoton ka tarar babu direba babu alamarsa, gajimare ne kawai ya kwanta a gilashi. Wannan ya sa na sayi filtar CPL, wani zagayayyen gilashi mai duhu-duhu da ake ɗaurawa a bakin lensin kyamara. Tawa mai milimita 67 ce, amma kowa ya duba lambar da ke jikin lensinsa kafin ya saya.

Aikinta tace hasken da ya daki abu mai sheƙi ya dawo. Kana juya zoben da ke jikinta kana kallon ƙyallin yana janyewa: fuskar direba ta fito, fentin mota ya dawo da launinsa, rafin da za a keta ya nuna duwatsun da ke ƙarƙashinsa. Jiƙaƙƙen taɓo ma da ke manne a ƙofa sai ya yi jawur, maimakon ya fito fari fat. Sama ta fi yin shuɗi in rana tana gefenka, wajen digiri 90 daga inda ka saita kyamara. In ka fuskanci rana ko ka ba ta baya, kusan aikin banza ne. Ƙarfe tsurarsa kuwa, irin bamba mai walƙiya, ba ta iya masa komai.

Farashinta shi ne haske. Tana cinye rabinsa, wani lokacin har kashi uku cikin huɗu. Da tsakar rana wannan alheri ne, don yana ba ni damar rage saurin ɗaukar hoto zuwa 1/60 na daƙiƙa in bi mota da kyamara, tayoyi su fito suna juyawa, bayan hoton ya zama zare-zare. Motar da tayoyinta suka daskare a hoto kamar an faka ta take, ko da gudu nawa take yi. Amma da yamma lis, lokacin da rana ke haska ƙura ta baya, kuma ina son 1/1000 don kama fallatsar laka, kwance ta nake yi, in ba haka ba sai na ɗaga ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamara, har hoto ya yi tsaki-tsaki.

Kada ka ɗauka da ita ta gilashin gefe: irin gasasshen gilashin nan ne, filtar tana tona dabbare-dabbaren da ke cikinsa. Sauke shi kawai. Lensi mai faɗi sosai kuma yakan bar sama rabi duhu rabi haske.

Babban ciwon kaina rairayi ne. Yana shiga tsakanin zobban filtar guda biyu, juyawa ta koma gurzawa, ga shi duk kwanar da mota ta sha sai ka sake saitawa. Ɗan famfon hura iska ba ya barin aljihuna, kuma sai na hure tas kafin ƙyalle ya taɓa gilashin.