Na biya su su fitar da ni, ƙarshe ni na fitar da kaina

A 2017 muka kai yara Orlando, a jihar Florida ta Amurka, aka ce mu saurari bayani na minti 90 a ba mu tikitin wurin wasa da rangwame. Awa huɗu muka yi. Muka fito da takardar mallakar mako ɗaya duk shekara a wani masauki a Kissimmee, ɗakin hutun nan na karɓa-karɓa da ake ce wa taimshiya. Dokar Florida ta ba mai saye kwana 10 ya fasa, ni kuwa sai bayan wata biyu idona ya kai kan wannan layin a takardar. Sau biyu kacal muka je, don ni in na samu hutu Kano nake nufa, amma kuɗin kula da gini bai taɓa fashi ba, kuma kullum sama yake yi.

Shi ya kai ni wajen kamfanin nan mai tallar raba mutane da taimshiya. Da na yi niyyar ba su makin tauraro uku a wannan sharhin da nake rubutawa a kansu. Matar da ta karɓe ni tana da haƙuri, ita ce ma ta nuna mini cewa yarjejeniyar ba ta da ranar ƙarewa, har cikin gadon da zan bari za ta iya shiga. Wannan na gode mata.

Amma da na biya kuɗinsu gaba ɗaya, sai suka ce in daina biyan masaukin, in daina ɗaukar wayarsu, wai lauyoyi na kan maganar. Na bi. Wata goma sha ɗaya ina kira, amsa ɗaya ce: ana nan ana aiki. Rannan muka je kama sabon gidan haya, mai gidan ya duba tarihin bashina, ya juyo da kwamfutar ya nuna mini sunana a hannun masu karɓo bashi. A gaban matata! Ni da ko kuɗin wuta ban taɓa bari ya kwana ba. Uwargida ba ta ce uffan ba har muka iso gida, sannan ta ce, "Baban Amira, ai na faɗa maka." Muka rasa gidan.

Washegari na kira masaukin da kaina. Ashe suna da sashen karɓar ɗaki daga wanda ya gaji, sharaɗin kawai kada a bi ka ko sisi. Bashin da kamfanin nan ya sa na tara, da tarar jinkiri a kai, sai da na biya tas kafin suka karɓi takardar. Na tambaya ko wani lauya ya taɓa tuntuɓarsu a madadina. Wasiƙa ɗaya suka gani.

Tauraro uku ina? Ɗaya, shi ma albarkacin matar nan. Wai kamfanin na da alƙawarin mayar da kuɗi. Na aika takardar neman nawa tun watan Maris, har yau ana nan ana aiki.