A-kori-kura ta gida da ta waje: wacce ta fi jure wahala?

Duk wanda ya fito neman a-kori-kura a yau, maganar farko da zai ji a bakin dillalai da direbobi ita ce, in ba Hilux ba ce ka riƙe kuɗinka. Maganar tana da tushe, amma ta yi gajarta. A wurin mai aiki da mota, juriya abu biyu ne: sau nawa take lalacewa, kuma in ta lalace kwana nawa take yi a gareji kafin ta tashi. A na farko, tazarar da ke tsakanin motocin da ake haɗawa a Najeriya da na waje ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. A na biyun ne ta gida take shan kaye, kuma a nan ne ya kamata mai saye ya buɗe ido.

Kalmar "ta gida" ma sai an yi hattara da ita. Kamfanin Innoson na haɗa a-kori-kura samfurin Carrier da Granite a Nnewi ta jihar Anambra, kamfanin Nord na da Tank a Legas, kamfanin Dangote Peugeot kuma ya fara fitar da motoci a Kaduna a 2022, har da Landtrek. Inji da giyabos da aksul da kayan wuta na irin waɗannan motoci galibi shigo da su ake yi, mafi yawa daga China. Landtrek ma, duk da tambarin zakin da ke goshinta, tare da kamfanin Changan na China aka ƙera ta. Ita kuma Hilux da muke gani daga Tailan ko Afirka ta Kudu take zuwa, tun 2021 kuma ana haɗa ta a Tema ta ƙasar Ghana. Saboda haka ka bar tambayar ina aka ɗaura tayoyi. Ka buɗe bonet ka karanta lambar inji, don ita ce za ta gaya maka irin rayuwar da za ku yi da motar.

Hilux ɗin da ta fi yawa a hannun hukumomi da kamfanoni da 'yan kwangila ita ce mai fetur, injin 2TR-FE mai lita 2.7. Ba shi da wani ƙarfin a zo a gani, da kaya a hawa sai ka riƙa sauko da giya, kuma yana shan mai. Abin da ya sa ake ƙaunarsa shi ne ba shi da tarkace. Sarƙa ce ke riƙe masa taimin, wato daidaiton motsin fistin da bawul, ba bel ba, don haka babu wani wa'adin da za ka manta da shi inji ya watse. Bakin mai kusan lita biyar da rabi yake ɗauka da filta. Ka sauya masa a kan kari, kada ka bari ya yi zafi, zai haura kilomita 400,000 ba a buɗe shi ba. Abin da yakan dame shi ƙanana ne: famfon ruwa ya fara zuba, koyil ɗaya ya mutu inji ya riƙa rawa, ko gasket ɗin murfin sama ya jiƙe da mai.

Motocin da zanensu ya fito daga China, da yawansu suna ɗauke da injin Mitsubishi 4G64 ko 4G69 mai lita 2.4, wanda ake ƙerawa a can da lasisi. Wannan inji ba baƙo ba ne, kanikawanmu sun daɗe da saninsa a motocin Mitsubishi, kuma bai da laifi. Sharaɗinsa ɗaya ne, bel. Yana da bel ɗin taimin babba, yana kuma da wani ƙarami a bayansa mai juya sandar da ke rage girgiza. Ƙaramin ne mugu. Shi yake fara tsinkewa, guntayensa su faɗa cikin babban, taimin ya goce, fistin ya haɗu da bawul. Daga aikin sauya bel na rabin yini an koma sauke kan inji. A zafin Arewa kada ka jira ya kai kilomita 100,000. Tsakanin 60,000 da 80,000 ka sauya bel biyun tare da tenshona da fulolinsu, in famfon ruwa ya fara motsi shi ma ya tafi, tunda an riga an buɗe wurin. Yawancin injunan da ake cewa "na China ne, ba su da ƙarko" wannan bel ɗin ne ya kashe su, kuma da Hilux mai injin 2KD ko 5L ce aka yi wa sakaci irin wannan, ita ma haka za ta ƙare, don su ma bel gare su.

A ɓangaren masu gas, wato dizal, tambari ba ya ceton kowa. Injunan zamani suna tura mai cikin nozul da matsi mai tsanani da ya haura 1,500 a ma'aunin bar, kuma man ne da kansa yake shafe famfon da nozul ɗin. Gas ɗin bakin hanya da aka gauraya da kananzir ko ruwa yana cinye su a hankali. Za ka fara ganin wahalar tashi da safe, sai farin hayaƙi, sai ƙwanƙwasa. Ko Hilux mai injin 1KD tana da nata sanannen ciwon: washar da nozul ke zama a kanta takan saki, hayaƙi ya riƙa ratsawa cikin bakin mai, ya daskare ya toshe rariyar famfon mai a ƙasan inji, rana ɗaya inji ya kame. Maganinsa a sauya washar nan duk lokacin da aka taɓa nozul, a kuma leƙa rariyar ta ramin zubar da mai. Filtar gas kuwa kada ta wuce kilomita 10,000 a irin man da muke samu, kuma da fitilar ruwa ta kama a dashbod a tsaya a tace. Wanda aikinsa ke cikin ƙauyuka, inda ba shi da tabbacin gidan mai, mai fetur ta fi masa kwanciyar hankali, ta gida ce ko ta waje.

Inda sababbin motocin gida suke nuna rauni ba a inji ba ne, a ƙananan kaya ne, kuma shekara ta biyu suke fara bayyana. Hannun ƙofa na roba ya karye. Motar gilas ta tsaya rabi. Bushin ɗin ƙafar gaba ya tsage tun kafin lokacinsa, mota ta fara ƙara a kan gargada. Shokozoba ta zubar da mai. Soket ɗin waya ya saki, fitilar inji ta kama ba tare da wani abu ya lalace ba. Dalilin a fili yake: robar da aka yi amfani da ita ba ta jure zafin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu mai shiga kowane soket da ba a rufe shi da kyau ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai bar ka a daji, amma suna taruwa, kuma su ne ke sa direba ya raina mota. Hilux mai shekara goma za ka tarar kujerarta ta yage, fenti ya koɗe, amma ƙofa tana rufuwa da sauti ɗaya, makunnin gilas yana aiki. Wannan bambanci na gaske ne, ba son zuciya ba.

Akwai abin da ke rage wannan matsala sosai, kuma kusan ba wanda yake yi. Sabuwar mota haɗin gida, bayan kilomita 1,000 na farko, a hau da ita rami a bi notunan ƙasa ɗaya bayan ɗaya: ƙarafan da ke ɗaure sifirin da aksul, notunan furofela, na mazaunin inji da giyabos, na bodin baya. A maimaita a 5,000. A buɗe manyan soket na cikin bonet a hura su, a shafa musu man soket. A duba ruwan lagireto, in farin ruwa ne a zubar a zuba kulant. Kuma kada a yarda wani ya cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, da sunan wai ƙasarmu da zafi. Cire shi yana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, ringi su ci da wuri.

Sai babbar magana, kayan gyara. Ka shiga Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka ce kana neman boljoyin na Hilux, wato mahaɗin ƙafar gaba, kafin ka rufe baki yaro ya kawo maka kala uku: sabo na kamfani, na Beljiyam da aka ciro daga wata motar, da mai araha. Ko a ƙaramin gari za ka sami wanda ya san motar ciki da waje. Ka nemi irin wannan boljoyin na motar gida, sai mai shago ya ce ka kawo tsohon a gwada. Wani lokaci a dace, domin da yawa an kwaikwayi ƙafar Hilux ko Isuzu ko Nissan. Wani lokaci kuma ramin noti ya goce da 'yan milimita, a koma ga mai walda ko mai juya ƙarfe, abin da bai kamata a yi wa ƙafar mota ba. Kayan inji da birki da kuloci sukan samu. Waɗanda ke kwantar da mota su ne fitilar gaba, gilashin gaba, sansa, burenbos (kwamfutar inji), bamba, madubi. In babu su a wurin dila, sai an yi oda, motar da take ciyar da gida ta yi makonni a ƙarƙashin bishiya saboda wata sansa da ba ta kai girman yatsa ba.

Wanda ya san Peugeot 504 a-kori-kura ya san cewa haɗin gida ba shi ne matsalar ba. Kamfanin PAN mai haɗa Peugeot ya fara aiki a Kakuri ta Kaduna a 1975, ya ci gaba da haɗa 504 har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ta a Faransa. Motar nan ba ta fi sababbin nan inganci ba, tana zafi, tana ƙona gasket, kafireta na toshewa. Amma kowane gari akwai bakaniken Fijo, kowace kasuwa akwai kayanta, shi ya sa har yau ake ganin ta ranar kasuwa da buhuna har sama da rufi. Abin da ta samu, wato yawa a hanya da kaya a kowane lungu, shi ne sababbin ba su kai ga samu ba tukuna.

Yawan kayan Toyota kuma yana da nasa dafin. Babu motar da aka fi yi wa jabun kaya kamarta. Ka yanka filtar bakin mai ta jabu ka gani: takardar ciki 'yar kaɗan ce, an manna ta da gam, robar da ke hana mai komawa ƙasa ta taurare ko babu ita sam. Kwali da tambari kuwa sak. Irin wannan filta ke sa inji ya yi ƙara na 'yan daƙiƙu duk safiya kafin mai ya hau, kuma a waɗannan daƙiƙun ne metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, ke ci. Haka fulogi, haka birki. Hilux da ake ciyar da ita jabun kaya ba ta fi kowace mota ba.

Kuma ba kowace ta waje ce Hilux ba. Toyota Tacoma da Tundra da ake kawowa tokumbo daga Amurka, in sun fito daga jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, sasinsu na ruɓewa daga ciki. Matsalar ta kai Toyota ta amince da sasantawar kusan dala biliyan 3.4 a 2016 kan Tacoma na 2005 zuwa 2010 da wasu Tundra da Sequoia. Kafin ka saya ka shiga ƙarƙashinta da guduma, ka ƙwanƙwasa sasi kusa da mazaunin sifirin na baya, baƙin fenti sabo a wurin alama ce ta a yi hattara. Ford Ranger mai injin gas 2.2 ko 3.2 tana da daɗin tuƙi da ƙarfin ja, amma famfon bakin manta ba ya son a bar shi babu mai. In aka zubar da tsohon mai aka wuce kamar minti goma ba a zuba sabo an tayar ba, famfon na iya kasa jan mai, inji ya tafi. A garejin da ake kwance noti a tafi cin abinci, wannan kaɗai ya isa. Mitsubishi L200 mai injin 4D56 kuma ba ta yafe zafi, sau ɗaya allura ta hau ja kan silinda na iya tsagewa.

Lodi kuwa ba ruwansa da tambari. Waɗannan motoci kusan tan ɗaya aka yi su su ɗauka, har da direba da fasinja, wato buhu goma na masara mai kilo 100 ko buhu ashirin na siminti ya riga ya cika ma'auni. Masu ɗora ninki biyu sukan ƙara ganyen sifirin, mota ta daina zama, su ɗauka an gama. Nauyin bai tafi ko'ina ba, ya koma kan boris ɗin aksul, da kuloci, da birki, da sasi daidai tsakanin kai da bodi, inda yake lanƙwashewa. Hilux tana daɗewa tana haƙuri da wannan zalunci fiye da sauran, wannan gaskiya ne, amma ita ma tana karyewa.

Ga hukuncin da amfani da su ya nuna. Mai mota ɗaya tilo, wanda in ta kwana a gareji aikinsa ya tsaya, ko mai shiga daji nesa da manyan birane, Hilux mai fetur ta fi masa, ko da ta hannu ce, muddin an duba ta da kyau. Tana kuma riƙe daraja, ranar da ka so sayarwa akwai mai saye, abin da ta gida ba ta da shi tukuna. Amma tun da aka bar kasuwa ta yanke darajar naira a watan Yunin 2023 farashin sabuwar Hilux ya fi ƙarfin yawancin mutane, kuma wadda kuɗinka zai iya saya sau da yawa tsohuwar motar kamfani ce da aka mayar wa mita baya aka fesa mata fenti. Tsakanin irin wannan da sabuwa dal haɗin gida mai garanti, ga kamfani ko gona ko hukuma mai motoci da yawa a kusa da garin da dila yake, ta gidan ta fi hankali.

In ka yanke shawarar sayen ta gida, kafin ka biya ka sa a rubuta maka lambar inji da ta giyabos, ka kai wa mai kayan gyara na garinku ya gaya maka abin da yake da shi. Ka tambayi dila farashin fitilar gaba da gilashin gaba da sansar karanshaf, ka ce a nuna maka su a kan kanta, ba a takarda ba. Ka karɓi sharuɗɗan garanti a rubuce, musamman inda aka ce dole a yi sabis, don in wurin yana Legas kai kana Gusau garantin ba naka ba ne. Sannan ka haɗa da saitin bel ɗin taimin guda, filta huɗu ta bakin mai, biyu ta fetur, da birkin gaba saiti ɗaya a cikin cinikin tun ranar farko.