Akwatin gwajin ruwan kwami: yana faɗin gaskiya, amma ba duka yake gani ba

Masu ɗan kwamin kifin ado a lambu, musamman masu kiwon golfish, jan kifin nan da ake ajiyewa don kallo kawai, wannan bayanin naku ne. Akwatin gwajin ruwa nake so in yi magana a kai, irin mai kwalabe da ake ɗigawa, ba irin mai ƴar takardar nan da ake tsomawa a ruwa ba. Ni dai a wurina ya cancanci kuɗinsa har da rara, kuma duk wanda kifinsa ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya gara ya fara sayen wannan kafin ya sayi ko wane irin magani. Sai dai yana da makantar ido a wasu wurare, kuma wuraren nan su ma suna kashe kifi, shi ya sa zan faɗi duka biyun.

Abin da ke ciki ba shi da yawa. Ƴan siraran kwalaben gilashi huɗu masu layi a mililita 5, da kati mai launuka, da ɗan littafin bayani, sai kwalaben ruwan gwaji na abu huɗu: amoniya, naitirayit, naitiret da pH wato tsami ko kaifin ruwan. Ka ɗebi ruwan kwami daidai layi, ka ɗiga, ka rufe ka girgiza, ka jira minti 5 ka kara da katin. Shi ke nan fa. Yaro ma zai iya, amma kar a bar wa yaro, don ruwan da ke cikin wasu kwalaben yana ƙona fata kuma bai kamata ya kusanci ido ba.

To me ya sa nake ta kambama shi? Saboda yawancin masu kwami da ido suke yanke hukunci, su leƙa su ga ruwa garau har ana hango ƙasa sai su ce ai ruwa lafiya lau yake, ciwo ne ya shigo. Wallahi ruwa zai iya zama tas kamar gilashi alhali guba ce zalla, kuma wani ruwan kore shar da gansakuka kifi na cikinsa yana ta ƙiba. Amoniya ba ta da launi. Kifi da kansa yake fitar da ita, mafi yawa ta wurin jan naman nan da yake numfashi da shi a ƙarƙashin murfin gefen kansa, sauran kuma daga kashi da ragowar abinci da ganyen da ya faɗa ya ruɓe. Golfish kuwa akwai ci akwai ɓata ruwa, ba ya ƙoshi, ko yanzu ka zuba zai sake buɗe maka baki. A kwamin da ya zauna daidai akwai wasu bakteriya masu amfani da ke maƙale a soson filta, wato na'urar tace ruwan kwami, da duwatsu da bango, kashi ɗaya na mayar da amoniya naitirayit, wani kashin ya mayar da naitirayit naitiret, ita kuma naitiret ba ta da zafin cutarwa sosai, tsirrai na sha, canjin ruwa na rage ta. Matsalar ita ce waɗannan bakteriya ba a kwana ɗaya suke taruwa ba, sabon kwami ko sabuwar filta kan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin su yi ƙarfi, mutum kuma ya gina kwami yau gobe ya antaya kifi ashirin, bayan sati biyu a fara tsintar gawa.

Wani abokina ne ya sa na ƙara ganin darajar akwatin. Kifinsa sun daina zuwa cin abinci, sun taru a inda ruwa ke zubowa suna ta buɗe baki, wasu sun naɗe fikafikansu sun lafe a ƙasa, ya riga ya zuba maganin ƙwayar cuta kala biyu ba canji. Muka ɗebi ruwa. Na amoniya ya ɗan karkata daga rawaya zuwa kore kaɗan, ba abin tashin hankali sosai ba. Amma na naitirayit, wanda ya kamata ya tsaya shuɗi mai haske irin na sama, tun ɗigon bai gama sauka ƙasan kwalbar ba ya fara rinewa, kafin minti 5 ya koma shunayya mai duhu har muka rasa gidan da za mu kara shi a katin. Muka ɗaga murfin gefen kan ɗaya daga cikin waɗanda suka mutu da safen, maimakon ja jawur sai ga shi ruwan ƙasa-ƙasa. Aikin naitirayit ke nan, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar oksijin, kifi na cikin ruwa mai iska amma yana shaƙewa. Da aka bi diddigi ashe soson filta ya fitar ya wanke shi tsaf a bakin famfo, kulorin ɗin da ke ruwan famfo ta kashe bakteriyar gaba ɗaya. Ba ciwo ba ne sam, kuma maganin da ya zuba ma wataƙila ya ƙara danne sauran bakteriyar da suka rage. Abin da aka yi bai wuce canza ruwa kashi uku cikin goma kullum da ruwan da aka cire wa kulorin ba, aka dakatar da abinci na ƴan kwanaki, aka sa gishiri tsantsa kaɗan don yana rage shigar naitirayit jikin kifi, mutuwa ta tsaya. Soson filta dai a bokitin ruwan kwamin ake matse shi, a hankali, kuma ba sai ya yi fari ba.

Lambobin da za ka riƙe ba su da yawa: amoniya 0, naitirayit 0, naitiret in so samu ne ƙasa da 40, pH tsakanin 7 da 8 da ɗan wani abu golfish ba ya damuwa matuƙar ba tsalle yake yi ba. Abin da littafin bai jaddada yadda ya kamata ba shi ne amoniya da pH tare ake karanta su. Gwajin yana nuna jimillar amoniya ne, amma kason da ke ƙona kifi yana ƙaruwa ne idan pH ya hau ko ruwa ya yi zafi, don haka 0.5 a ruwa mai pH 7 da sanyi daban, 0.5 a ruwa mai pH 8.5 da tsakar zafi kuma wani bala'in ne daban. Masu sabon kwamin siminti ku ji wannan da kyau, sabon siminti na sakin sinadarin da ke cilla pH sama sosai, in ba a jiƙa an zubar an sake jiƙawa ba ko an shafe shi da fentin kwami, kifi ba zai kai labari ba.

Yanzu inda akwatin ya gaza, kuma a nan ne nake ganin mutane ke ruɗuwa. Ba ya auna oksijin. Mutum ya wayi gari ya tarar da manyan kifinsa uku a sama ciki a waje, ya yi gwaji komai ya fito daidai, sai ya ce to guba aka zuba masa ko wani abin. Tambayar da ya kamata ya yi ita ce yaushe suka mutu kuma su wa suka mutu. Idan da asuba ne, bayan dare mai zafi da cunkushewar iska ba kaɗawa, kuma manya ne suka fara tafiya ƙanana na nan, to kusan tabbas iska ce ta ƙare. Ruwan zafi ba ya riƙe oksijin kamar na sanyi, a digiri 20 na Salsiyos yana riƙe kamar miligiram 9 a lita, a digiri 30 ya sauko wajen 7.5, kuma a zafin ne kifi ya fi buƙata. Sannan gansakuka da tsirran ruwa da suke ba da oksijin da rana, da dare juyawa suke yi su ma su sha, shi ya sa dab da fitowar rana ne ruwa ya fi talaucewa. Kafin ka tashi ka sha ruwa ka ɗauko kwalabenka rana ta fito komai ya fara komawa daidai, shaida ta goge. Ga masu kashe famfon kwami da dare wai don rage kuɗin wuta ko don ƙarar ruwa na hana barci, ai lokacin da aka fi buƙatarsa ke nan, in ma dole sai an kashe to da rana ya fi sauƙi, duk da dai ita filta ba ta son a tsayar da ita ko kaɗan don bakteriyar ciki ma iska suke shaƙa. Ɗan injin hura iska mai dutse a bakin tiyo ya fi duk wani magani da za ka ajiye a gida. Haka kuma wanda ya zuba maganin kashe gansakuka a ruwa kore shar lokaci guda, gansakukar ta mutu ta fara ruɓewa ta cinye iskar, washegari kifi ya bi ta, akwatin nan ba zai ce maka uffan ba.

Na biyu, babu gwajin KH a ciki, kuma wannan ya ban haushi don kwalba ɗaya ce da sun ƙara. KH shi ne ƙarfin da ruwa ke da shi na riƙe pH kada ya faɗi. Aikin filta na cinye shi a hankali, ruwan sama mai yawa na tsinka shi, ranar da ya ƙare sai pH ya rikito ƙasa da 6 cikin dare, kifi su ruɗe, bakteriya su tsaya da aiki. Gwajin pH zai nuna maka bayan abin ya faru, KH ne zai gargaɗe ka tun kafin. Saye shi daban, in ya yi ƙasa bekin soda kaɗan-kaɗan na ɗaga shi, ba a zuba da yawa lokaci guda. Kuma pH ɗin ma a auna shi sau biyu, da sassafe da yamma, don a kwami mai gansakuka tazarar da ke tsakani ita ce labarin.

Kulorin ma ba ya gani. Wanda ya sa tiyo ya cika kwami ya manta ya tafi, ruwan famfo ya maye rabin kwamin, zai iya rasa kifi duka a yini ɗaya gwaji kuma ya fito tas. Sannan zancen a bar ruwa ya kwana kulorin ta fita ba ko'ina yake aiki ba, inda ake sa kuloramin, wato kulorin da aka haɗa da amoniya, a ruwan sha ba ta tashi da kwana ɗaya, sai da maganin cire ta. Maganin feshin ƙwari da na ciyawa ma haka, ɗan abin da iska ta kwaso ko ruwan sama ya wanko daga lambu ya isa, kifi ba ya jure su ko kaɗan, tagulla ma haka. Wannan sai dai ka zauna ka tuna me aka yi a kusa da kwamin jiya da shekaranjiya.

Ƙananan abubuwan da ke damuna da shi: bambanta 0 da 0.25 a gwajin amoniya sai mai ido, a ƙarƙashin ƙwan lantarki komai kore-kore yake fitowa, ka fita hasken rana ka jingina kwalbar a farin gefen katin. Na naitiret akwai wahala, kwalba ta biyu sai ka girgiza ta da ƙarfi na daƙiƙa 30 don abin ciki yana kwantawa a ƙasa, bayan ka ɗiga ka sake girgiza gilashin minti guda cur, in ka yi kasala zai nuna maka 0 na ƙarya ka yi ta murna, sannan launukan manyan lambobin katin duk ja ne kusan iri ɗaya. Gilasan kuma saurin fashewa, murafen na ɗan yoyo a yatsa. A duba ranar lalacewa a jikin kwalaben kafin a biya, wanda ya daɗe a shago ba ya faɗin gaskiya. Duk da haka ya fi ƴar takardar tsomawa nesa ba kusa ba, ita da danshi ya taɓa gwangwaninta shi ke nan, kuma da yawansu ma ba sa auna amoniya.

Amfaninsa na ƙarshe da ban yi tsammani ba, ko da ya fito ba komai ya rage maka hanya. Ruwa lafiya, iska na aiki, amma kifi na goga jiki a bango, to yanzu ne za ka kamo ɗaya ka duba da kyau. Fararen ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri, ko wani abu kamar zare da ya cake a jiki, ko ƴar ƙwarƙwata mai faɗi tana yawo a kan ɓawonsa, ko ciwo ja a buɗe, ko ciki ya kumbura ɓawo ya miƙe tsaye, kowanne da maganinsa, na ƙarshen dai sau da yawa an makara. Kuma kusan kullum in ka tambaya za ka ji an kawo sabon kifi kwanan nan an jefa kai tsaye. Sabon kifi a ware shi a wani mazubi mai iska sati 2 zuwa 4 tukuna. Wanda kuma kifinsa ɓacewa yake yi babu gawa, wannan ba aikin kwalba ba ne, ya nemi raga, zalɓe ne ko kyanwa.

Kifin nan in an kula da shi yana haura shekara 10, wasu har 20, kuma a kwami yana kai tsawon santimita 20 zuwa 30, don haka ƴan ƙananan da ka saya guda goma sha ba haka za su tsaya ba, ga haihuwa kuma, kwamin da ya ishe su bana baɗi ya yi musu kaɗan, filtar ma haka. Shi ya sa ni sau ɗaya a sati nake gwadawa lokacin zafi, in na ƙara kifi ko na taɓa filta kuma kullum har sai lambobi sun zauna, ina rubutawa a bayan littafin da kwanan wata. Maki huɗu cikin biyar na ba shi, ɗayan na riƙe saboda KH da gilasan nan masu fashewa. In za ka saya ka haɗa da gwajin KH da ma'aunin zafin ruwa da maganin cire kulorin da injin iska, kuma ka yi gwajin farko tun kifi na lafiya don ka san asalin lambobin kwaminka.