Lissafinta daidai, amma tana kora ta waje bayan minti 5

Wata huɗu ke nan ina riƙe wa Kawu lissafin rumfarsa ta albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas da wata manhajar 'yan kasuwa, irin wadda ake buɗewa ta burauza ba sai an sauke ta ba. Wajen lissafi ban taɓa kama ta da kuskure ba. Rigimata da ita a bakin ƙofa take.

Shiga ba wuya: lambar waya, kalmar sirri, sai lambar OTP da ke zuwa ta tes. Da ka shiga, sabar masu manhajar, wato babbar kwamfutarsu, za ta ba burauzarka wata 'yar shaida da ake kira kuki, kamar tikitin tasha, da ita ake gane ka a duk shafin da ka buɗe. Wa'adinta minti 5 ne. Ka yi minti 5 shiru, shaidar ta mutu, sai ka sake shiga.

Gajartar wa'adin ba ta dame ni ba. Ƙungiyar OWASP, mai fitar da ƙa'idojin tsaron manhajoji, minti 2 zuwa 5 ta ba da shawara ga manhajar da ke riƙe da abu mai daraja, minti 15 zuwa 30 ga wadda haɗarinta bai kai ba. Kuma a rumfarmu waya ɗaya hannu nawa take bi? Ranar da na bar ta wajen mai caji ban fita daga asusun ba, sai da na je ɗauka gabana ya faɗi, na tarar ta rufe kanta. Nan kam na gode musu.

Abin da ya ƙona min rai shi ne yadda suke auna shirun. Rubutun da kake yi a fom ba ya cikin lissafinsu, tunda bai je saba ba tukuna. Ranar da tirela ta iso daga Aliero, na tsaya a bayanta ina shigar da buhuna da sunan dillalin da ya ɗauka, layi kusan 30, hannuna bai huta ba. Ina danna "ajiye" sai ga shafin shiga, komai ya tafi. Ga sabis a kasuwar nan da safe sai a hankali, lambar OTP ta farko ta iso bayan ta mutu. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ɗauko mana littafinmu, shi ba ya korar mutum."

Gyaran ba wani babba ba ne. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, ma ta tanadi a gargaɗi mutum kafin lokaci ya cika, a ba shi aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙari. Ko kuma su adana abin da na rubuta, in tarar da shi in na dawo. Na rubuta musu, suka amsa da ladabi cewa don tsaro ne. Har yau ba su gyara ba.

Abu ɗaya da na yaba: akwai shafin da ke nuna duk wayar da aka shiga asusun da ita, kuma da na canza kalmar sirri sai ta fitar da tsohuwar wayar Kawu da ya ba yaron shago.

Na ba ta 3 cikin 5. Yanzu duk layi biyar sai na danna "ajiye", littafin Kawu kuwa yana ƙarƙashin benci.