Masu injin sare bishiya bayan iska: inda suka ƙware da inda suke kasawa

Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, lokacin da hadari ke tasowa daga gabas da iska a gabansa, masu injin yanka itace ba sa zama. Gari na wayewa a Kano, Zariya ko Kaduna, za a tarar da darbejiya ta kwanta a kan katanga, ko reshen turare ya huda kwano, sai a shiga neman lambarsu. Yawanci mutum uku ne ko huɗu: mai riƙe inji, mai hawa, da yara masu jan rassa. Daga wajen 'yan katako ko 'yan itace ake samo su, su iso a babur ko a-daidaita, da inji ɗaya, galan na fetur, adda, da igiya in an yi sa'a.

Hukuncina a kan aikinsu ya rabu uku, domin abin da ake kira "bishiya ta faɗi" aiki uku ne daban. In itacen ya kwanta a ƙasa ya tare ƙofa ko hanya, babu kamarsu: sauri, araha, kafin azahar an buɗe wuri. In ya jingina da gini, sai an tsaya a kansu. In kuwa yana tsaye a tsage ko a karkace tsakanin gidaje, kaɗan ne daga cikinsu ke da kayan aikin da hankalin da aikin yake nema, kuma a nan ne ake asarar rufi, wani lokaci har da rai.

Kafin ma a yi maganar inji, akwai wayar wuta. Ɗanyen itace mai jiƙe da ruwa yana ɗaukar lantarki. Mai inji zai ce maka "ai an ɗauke wuta tun jiya", kuma gaskiya ne, amma ba hujja ba ce. Ana iya dawo da ita ba sanarwa, kuma janareta ko solar maƙwabci da ba a haɗa daidai ba tana iya tura wuta baya cikin layin. Duk inda reshe ya taɓa waya ko ya tsinke ta, a ja da mutane baya aƙalla mita 10, a kira kamfanin rarraba wuta na yankin, KEDCO a Kano, Katsina da Jigawa, ko Kaduna Electric a Kaduna, Zamfara, Sakkwato da Kabi, su yanke layin da hannunsu. Ƙungiyar da ta yarda ta jira wannan ta ci rabin jarrabawa. Wadda ta ce za ta ture wayar da gora, a sallame ta.

Abu na biyu da ke bambanta gwani da ɗan koyo shi ne minti goma na farko. Gwani ba ya tayar da inji yana zuwa. Yana zagaya itacen, ya ɗaga kai ya nemi karyayyen reshen da ya maƙale a sama, ya ƙwanƙwasa gindin da bayan gatari ya ji ko akwai kogo, ya duba ƙasa ta ɓangaren da iska ta fito ko ta tsage ta ɗago. Yana kuma sauraron ƙugin zuma, don tsohuwar tsamiya ko maɗaci mai kogo ba ta rasa su, kuma mutumin da zuma ta rufe a kan reshe da inji a hannu ba shi da wurin gudu.

A ɗauki aikin da ya fi yawa: darbejiya ta tuge, saiwarta ta ɗago da faifan ƙasa, gangar jikinta ta haye katanga, kanta ya sauka a kan kwanon ɗaki. Kallo ɗaya za ka ce itacen a kwance yake lafiya. Ba haka ba ne. Tsakanin saiwa da katanga gangar tana ɗauke da nauyi kamar gada: samanta a matse, ƙasanta a miƙe. Wanda ya sa inji daga sama ya nufi ƙasa kai tsaye, yankan zai rufe ya cije masa harshen inji, wato faffaɗan ƙarfen da sarƙa ke zagayawa. Daidai shi ne a fara ɗan yanka ta ɓangaren da ke matse, kada ya wuce sulusin kauri, sannan a ƙarasa ta ɓangaren da ke miƙe. A reshen da ke reto a iska kuwa lamarin a juye yake: samansa ne a miƙe, don haka a fara daga ƙasa, a ƙarasa daga sama. Masu inji da suka daɗe sun san wannan a hannu ko da ba za su iya faɗa da baki ba, kuma a nan na fi yaba musu.

Inda suke faɗuwa shi ne jerin aikin. Ya kamata a fara daga ƙananan rassan kai, waɗanda ba sa ɗauke da komai, a rage nauyi sannu a hankali, a bar rassan da suka dafa rufin har sai an tokare gangar da gungume ko an ɗaure ta. Mai gaggawa yana fara sare wanda ya fi kusa da hannunsa, sai gangar ta juya, nauyin da rassa biyar suka raba ya koma kan katakon rufi ɗaya. Mutane ba sa ƙiyasta nauyin ɗanyen itace daidai. Gungumen da kaurinsa ya kai santimita 60, tsawonsa mita ɗaya kacal, yana wuce kilo 250, wato fiye da buhun siminti biyar. Mai kaurin santimita 40 ma ya haura kilo 100. Babu kwano ko silin da zai karɓi wannan daga sama. Saboda haka duk guntun da ke bisa rufi a igiya ake saukar da shi: a ratsa igiyar ta wata mararrabar rassa mai ƙarfi da ke sama, a ɗaure guntun kafin a yanke, a naɗe ɗaya bakin sau biyu ko uku a jikin wani gindi, mutum ɗaya ya riƙa sassautawa. Igiyar da akasarinsu ke zuwa da ita ta guga ce ko ta ɗaure kaya a mota, rana ta cinye ta. Kafin a yi ciniki a ce su kwance ta a gani. In ta yi gashi, ko tana da ƙulli a tsakiya inda ta taɓa tsinkewa, ba ta aikin rufi ba ce.

Sai faifan saiwar nan da ya ɗago. Nauyin gangar ne ke riƙe shi a tsaye. Da zarar an raba su, yana iya komawa raminsa da ƙarfi cikin ƙiftawar ido, kuma ramin nan shi ne wurin da yaran unguwa suka fi son leƙawa. Kafin yankan ƙarshe dole a duba bayan saiwar, a tabbata babu kowa. Gaba ɗaya ma korar 'yan kallo ita ce babbar gazawar wannan sana'a a garuruwanmu. Ƙa'idar kayar da itace a tsaye ita ce kada kowa ya kusanci ninki biyu na tsawonsa. A lungu hakan ba ya samuwa, to aƙalla a fitar da mutanen gidajen da ke kewaye, a sa manya biyu su tare bakin lungun. Masu inji ba za su yi maka wannan ba; aikin mai gida ne da mai unguwa.

Itacen da ke tsaye a karkace shi ne mafi wuya. In akwai fili, ana yi masa baki, wato a yanke ɗan ɓari daga gindin, ta inda ake so ya faɗi, zurfinsa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kauri, sannan a yanko daga baya, ɗan sama da gindin bakin, a bar tsiri kamar kashi ɗaya cikin goma ba a yanke ba. Tsirin nan shi ke riƙe itacen ya bi hanya, kamar yadda ƙofa ke juyawa a kan maƙalinta. A buga weji a bayan yankan, mai inji ya ja da baya a karkace, ba daidai bayan gindin ba. Kuskuren da aka fi gani shi ne cinye tsirin duka, sai itacen ya zaɓi hanyarsa da kansa. Mai karkata sosai kuma yana iya tsagewa a tsaye kafin a gama, ɓarin ya yi sama ya daki wanda ke bayansa. Turare ya yi suna a wannan. In ciki kogo ne, gara ta cinye, babu tsirin da za a dogara da shi, sai dai a sauke shi gunduwa-gunduwa daga sama. Hawa irin wannan itace da silifas, ba ɗamara, ba hular kwano, inji a hannu ɗaya, abu ne da ake yi kullum, kuma bai kamata mai gida ya yarda a yi shi a gidansa ba. Daga kan tsani ma ba a yanka babban reshe, domin reshen na sauka yana share ƙafar tsanin.

Injin kansa yana faɗin halin mai shi. Na kamfanin Stihl ne ya fi yawa, na asali da na kwaikwayo, kuma da yawa babban ƙirar 070 ne da aka saba tsaga katako da shi a daji. Yana da ƙarfi a ƙasa, amma nauyinsa ya wuce kilo 10, bai dace da sama ba. Ƙungiya mai kyau tana da ƙaramin inji na biyu, wanda kuma shi ke ceto babban in ya cije. Haɗin man da kamfanin ya tsara shi ne 50 da 1, wato mililita 100 na man inji mai bugu biyu a lita 5 ta fetur; masu haɗawa da ido da kowane irin baƙin mai su ne injinsu ke hayaƙi ya mutu a tsakiyar yanka, lokacin da itace ya fara motsi. A kalli abin da sarƙa ke fitarwa: mai kaifi tana zubar da ɓarɓashi manya, dakusasshiya gari take fitarwa kamar dusa. Itacen cikin gida cike yake da tsofaffin ƙusoshi da wayar shanya da ya haɗiye, don haka wanda ya zo ba magagari ba sarƙa ta biyu zai bar maka aiki a rabi.

Ciniki jinga ake yi, kuma a nan ake yawan rigima. A fayyace a gaban shaida, in da hali a rubuce: waye mai itacen bayan an sare, waye zai kwashe ganye da ƙananan rassa, kututture yana ciki ko ba ya ciki, in aka fasa kwano ko katangar maƙwabci wa zai biya. Ba su da inshora, don haka abin da ke hannunka shi ne ragowar kuɗi. Kada a biya duka sai an gama. Itacen ma kuɗi ne, masu gidan burodi da 'yan itace suna saye, ya kamata a rage shi daga farashi. Wannan ne kuma ya sa shawararsu kullum "a sare duka" ce. Mangwaron da reshe ɗaya ya karye ba ya buƙatar a kashe shi. A yi wa reshen yanka uku: ɗan kaɗan daga ƙasa kamar taku ɗaya daga ganga, sannan daga sama ɗan gaba da wurin har ya faɗi, sannan a cire dungun daidai bakin kumburin da ke gindinsa, kada ɓawo ya saluɓe. Wanda ya cancanci sarewa shi ne mai tsagaggiyar ganga, mai saiwar da ta ɗago, ko wanda ya rasa fiye da rabin kansa. Na bakin titi kuwa ba naka ba ne kai kaɗai, a sanar da mai unguwa da ofishin gandun daji kafin a taɓa shi.

Da dare, ko ana cikin ruwa, kada a bari su fara komai ko sun yarda. A kwashe mutane daga ɗakin, a rufe inda ke yoyo da tamfol daga inda hannu ya kai, a jira safiya. Kututturen darbejiya kuma in an bar shi zai tofo cikin makonni, ya fito da rassa da yawa masu raunin gindi. In yana kusa da gini a haƙe shi, a datse saiwoyin da gatari, a cike ramin da jar ƙasa ana daɓewa, don ruɓaɓɓiyar saiwa gara take kira. Wannan aikin masu diga ne, kuɗinsa daban, kuma masu inji ba za su taɓa shi ba saboda ƙasa tana kashe sarƙa nan take.