Beetle ko Mercedes 240D: wacce mai farawa zai ɗauka ya farfaɗo da ita?

Ɗan'uwa, ka ce garejinka mota ɗaya yake ɗauka, hannunka ya saba da sifana amma ba ka taɓa riƙe kan walda ba, kuma motoci biyu ke gabanka: Volkswagen Beetle ta 1972 mai injin 1600, da Mercedes 240D ta 1980, samfurin da ake kira W123. Kana son sanin wacce za ka saya ka gyara da kanka.

Da yake ba ka walda, kada ka fara da buɗe bonet. Kwanta ka shiga ƙarƙashinsu da tocila da sukundireba, domin a nan bambancin yake.

Ginin Beetle kashi biyu ne, bodi a sama, shasi da faranti a ƙasa, an haɗa su da kusoshi. In farantin ya ruɓe, musamman ƙarƙashin kujerar baya inda batir yake zubar da ruwansa, ana sayar da sabon rabi, a yanke tsohon a liƙa. Wannan aiki ne da kowane mai walda zai gama ba tare da dogon nazari ba. Wurin tsoro shi ne dogayen hanyoyin iskar ɗumi da suka bi ƙarƙashin ƙofofi, don su ne ƙashin bayan bodin. Iska mai zafi na bi ta cikinsu, raɓa na taruwa, tsatsa na cin su daga ciki, sai ka ga waje lafiya alhali ciki ya zama garin ƙarfe. Caka musu sukundireba daga ƙasa. In ya nutse, sai an tokare bakin ƙofofin da ƙarfe kafin a yanka, in ba haka ba bodin zai karkace, ƙofa ba za ta sake rufuwa daidai ba. In motar ƙirar 1302 ce, wato wadda ake kira Super Beetle, duba kuma inda shokazoban gaba suka kama bodi.

Mercedes ɗin kuwa jiki guda ce, ba shasin da za a raba da bodi, saboda haka duk inda tsatsa ta ci, ƙarfin motar ta ci. Duba ramuka huɗu na jak da ke gefe, da ƙarƙashin batir, da lungunan da hinjin bonet suke kwanciya, inda ganye ke toshe magudana ruwa ya kwanta har ya huda ya sauka ƙasan direba. Ɗaga kafet ka taɓa, ka kuma leƙa rijiyoyin gefen but. Robar gilashin gaba da ta baya in ta bushe ita ma tana shigar da ruwa. Abin da ke yaudarar mai saye shi ne kaurin shafen da kamfanin ya yi wa ƙasan motar, wanda yake riƙe siffarsa ko da ƙarfen da ke bayansa ya tafi. Danna da yatsa, in ka ji ƙuras-ƙuras ka san labarin. Ƙarfen wuraren nan hawa biyu ne ko uku, kuma awoyin mai walda a kansu sukan ninka na Beetle. A motocin biyu, ka bi gindin ƙofofi da ɗan maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, fila aka cusa aka rufe da fenti.

Ta ɓangaren inji, kusan komai kishiyar juna ne.

Injin Beetle silinda huɗu ne a kwance, biyu na fuskantar biyu, cc 1,584, doki kusan 50, kuma iska ke sanyaya shi. Ba lagireto, ba famfon ruwa. Kusoshi huɗu ke riƙe shi da giya, mutum biyu da jak za su sauke shi cikin 'yan awoyi. Amma sauƙin nan yana da sharaɗi. Ba shi da filta ta baƙin mai, ragar tacewa kawai gare shi, mai kuma lita 2.5 yake ɗauka, don haka juye duk kilomita 5,000 ne, a wanke ragar a sa sabon gaskit. A lokacin ne ake saita bawul, inji a sanyaye, tazara milimita 0.15. Kwantak kuma 0.4. Wanda ya yi sakaci da bawul, na hayaƙi zai matse, ya daina zama sosai a mazauninsa, ya kasa sauke zafinsa, ƙarshe kansa ya tsinke ya faɗa kan fistin. Silinda ta uku ce ta yi ƙaurin suna da wannan, domin a tsofaffin injuna na'urar sanyaya mai tana tare mata iska. Daga 1971 aka matsar da na'urar gefe, taka ta 1972 ya kamata ta zo da gyaran, sai dai ka tabbatar, don da wuya a samu Beetle mai shekara hamsin da injinta na asali ba a taɓa ba.

Kafin ka biya kuɗi, kama fulin karanshaf da hannu biyu ka ja ka tura. Wasan da aka yarda da shi tsakanin 0.07 ne da 0.13 na milimita, abin da ido ba ya gani. In ka ji ƙwas, to mazaunin beyarin ya ci, sai an farke inji. Duba kuma duk gwangwanayen da suka lulluɓe injin da robar da ta zagaye shi. Masu gyaran ganin dama suna yar da su, alhali su ke raba iska mai sanyi da mai zafi. Fanbel ɗaya ke juya dinamo da fanka tare, shi ya sa jar fitilar caji a Beetle ma'anarta ka tsaya nan take. Sai batun gobara: tiyon fetur yana bi ta saman inji kusa da distiributa, kuma ɗan bututun tagullar da ke shiga kafireta yakan zare. Sabon tiyo da kilif shi ne aikin ranar farko.

Injin 240D kuwa, OM616, dizal ne mai lita 2.4, doki 72 a wannan shekarar, yana jan mota mai nauyin kilo 1,400 ko kusa. Ba ya sauri, amma ba ya gajiya, shi ya sa masu tasi suka riƙe shi shekara da shekaru. Ba kwantak, ba kafireta, ba kwayil. Bawul ɗinsa ma da hannu ake saitawa, na shiga 0.10, na hayaƙi 0.30 a sanyaye, da sifana mai lamba 14 lanƙwasassu, kuma tsakanin saiti da saiti ya ninka na Beetle sau uku ko huɗu. Gwajinsa biyu ne. Ka nemi a bar shi ya kwana bai tashi ba, ka tayar da kanka, domin gajiyayyen dizal da ɗuminsa yakan ɓoye aibinsa. Bayan ya yi zafi, sassauta murfin baƙin mai ka bar shi a wurin. In ya ɗan yi rawa, ba komai. In hayaƙi ya tunkuɗe shi, ringi sun tafi. Kada ka yarda da abin da mitar kilomita ta nuna, haƙoran cikinta sun saba tsayawa. Sarƙar taimin ma ana auna miƙewarta da digiri a kan fuli, ba da kunne ba.

Matsalar ita ce in wannan inji ya mutu, ba a garejin gida ake tayar da shi ba. Famfon injekta na Bosch da nozul sai mai na'urar gwaji, ga nauyin injin sai da abin ɗagawa.

Akwai kuma abin da Beetle ba ta san shi ba sam, wato layukan zuƙar iska. A W123 mai dizal, famfo guda ne ke zuƙar iskar da ke taimakon birki, da kulle ƙofofi, har da kashe injin kansa. Ɗan tiyo ɗaya ya tsage a cikin ƙofa, sai ka zare makulli inji na ci gaba da aiki, ka buɗe bonet ka danna sandar da aka rubuta wa STOP. Neman yoyon ba tsada, ƙaramin famfon gwaji na hannu da haƙuri yake so, ana toshe layi ɗaya-ɗaya har a kama mai laifi. In giyar mai sauya kanta ce, wannan yoyon ma yana sa ta fizga. Gargaɗi ɗaya mai nauyi: sifirin ɗin gaba na wannan mota dogo ne kuma a matse yake ƙwarai, kada ka kusance shi da matsin da ake kamawa ta waje. Akwai nasa na musamman da ke shiga ta ciki.

Kayan gyara ba za su hana ka barci ba a kowacce. An ƙera Beetle sama da miliyan 21 har zuwa 2003 a Meziko, kusan kowane noti ana buga sabo, illa dai ingancin ya bambanta, robobi masu araha kan tsattsage cikin shekara biyu. W123 kusan miliyan 2.7 aka yi daga 1976 zuwa 1986. Kayan inji da birki suna samuwa, amma dashbod marar tsaguwa, da katakon ado, da ƙarafan ƙyalli, su ke cin aljihu.

A kan hanya ba a haɗa su. Mercedes na da birkin faifai a ƙafa huɗu, ga shiru, ga jikin da aka tsara don kare mutum a karo. Yawancin Beetle birkin ganga ne da ake saitawa da hannu, iskar gefe na kaɗa ta, doguwar tafiya kuma sai da ɗaga murya.

Ga mai gareji ɗaya da ba ya walda kuma yake son koyo da hannunsa, Beetle ce, muddin hanyoyin iskar ɗumin nan biyu na ƙarƙashin ƙofofi sun ƙi sukundireba. In ramukan jak da ƙasan 240D ɗin tsaf suke, ta kuma tashi da sanyin safiya a bugu ɗaya, kuma burinka tuƙi ne fiye da kwance-kwance, ɗauke ta. In duka biyun sun ruɓe a wuraren da aka ambata, bar su ka nemi ta uku. Wacce ka kawo gida, fara da tiyon mai da wanke tanki, sai birki da sabon ruwansa, sai inji, sai walda, fenti a ƙarshe.